Yadda na bi gaɓar teku da ƙafa, a Legas da kuma duwatsun Sanagal

Assalamu alaikum. Ni haifaffen Agege ne, a kasuwar Mile 12 nake neman abinci, ina dillancin albasa da kayan gwari tun ina saurayi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, fataucin goro ne ya kawo shi Ikko daga ƙasar Kano a jirgin ƙasa, yadda ya kawo iyayen yawancin waɗanda muka tashi tare. Ya zauna, ya yi aure, ya haife mu, har Allah ya karɓi abinsa bai taɓa tsoma ƙafa a ruwan teku ba. Ni ma na haura shekara arba'in a kan wannan turbar. In an ce teku, abin da na sani shi ne ruwan da ake hange daga kan gadar Third Mainland in danfo ya ɗauko mu za mu Idumota, alhali wannan ma ruwan lagun ne, tekun yana can gaba.

Zamanmu ke nan mu Hausawan Legas. Daga gida sai kasuwa, daga kasuwa sai masallaci, in salla ta zo a yi Arewa. Mutumin Alaba Rago ya san hanyar Idi-Araba, na Idi-Araba ya san Obalende, amma ka tambayi ɗayanmu ta ina ake bi a je inda ƙasa ta ƙare, sai ya dube ka ya ce me ka ajiye a can. Bakin teku a wurinmu matattarar mashaya ce da masu fararen riguna masu kunna kyandir, ga kuma labarin da manya ke ba mu na yadda ake ɗaure 'yan fashi a jikin ganga a harbe su a Bar Beach a shekarun 1970. Inna kuwa kullum maganarta ɗaya ce, ruwa yana da masu shi.

A shekarar 2021 jiki ya taɓa ni. Ana sauke tirelar albasa daga Aliero, ina tsaye ina ƙirga buhuna, sai na ga kasuwar tana juyawa. Yaran shago suka tallabe ni zuwa asibiti. Aka ce hawan jini ne, kuma suga ma ya fara leƙowa. Likita ya rubuta magani, ya ce in rage gishiri da maggi, sannan in riƙa tafiyar ƙafa ta aƙalla rabin awa kullum. Na ce masa ranka ya daɗe, ni da nake yini a tsaye? Ya ce tsayuwa da ɗaga murya a kan farashi ba su ne tafiya ba, su ne ma suka kawo ni gabansa.

Wanda bai san Agege ba zai ɗauka tafiyar rabin awa abu ne mai sauƙi. Ka fito bayan asuba, keke ya taso maka ta dama, danfo ta hagu, ka kauce wa kwata ka faɗa kan tiren mai biredi. Kowane taku goma sai ka haɗu da wanda ya san ka, a tsaya gaisuwa, a tambayi iyali, a ƙare da ko albasa ta sauko. Wani ɗana ya ce in gwada bakin teku na Lekki ranar Lahadi. Na biya kuɗin shiga, na tarar da lasifika a kowace rumfa, kowacce da kiɗanta, masu doki suna jan rigata in hau a ɗauke ni hoto, masu gasa kifi suna kira. Ban daɗe ba na nemi ƙofa.

Wani yaro Ba'adare ne ya buɗe mini ido. Da can ɗan dako ne a wurinmu, daga baya ya samu gadi a wani gidan hutu na masu kuɗi a ɓangaren Ilashe, inda mota ba ta zuwa sai jirgin ruwa. Ya zo duba ni, na ba shi labarin Lekki, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Alhaji, ai kasuwa ka baro ka tafi wata kasuwar. Inda nake, in ba ƙarshen mako ba, sai ka yi tafiyar awa guda ba ka ga ɗan Adam ba sai masunta." Shi ya kwatanta mini in fara da Tarkwa Bay, tunda ya fi kusa, kuma in je ranar aiki.

Daga tashar jiragen ruwa ta CMS da ke tsibirin Legas na shiga jirgin ruwa mai inji, aka ɗaura mini rigar kariya, na riƙe katakon wurin zama da hannu biyu ina karanta duk addu'ar da na haddace. Muka ratsa ta gefen manyan jiragen dakon kaya masu shiga Apapa. Minti ashirin ba su cika ba muka sauka. A lokacin wurin bai daɗe da fitowa daga tashin da aka yi wa mazaunansa a watan Janairun 2020 ba, ana ganin kufai nan da can. Ban tsaya inda ake jera kujerun haya ba. Na bi hannun dama har na iske wani dogon jerin manyan duwatsu da ya miƙe ya shiga cikin teku, na hau.

Waɗannan duwatsun su ne farkon abin da ya kama zuciyata, don ƙasar Legas ba ta da dutse ko ɗaya nata na kanta. Daga baya na bi diddigi. Turawan mulkin mallaka ne suka fara jera su a wajajen 1908, ɗaya ta gabas ɗaya ta yamma da bakin mashigar jirage, kuma daga Abeokuta aka riƙa fasa dutsen ana kawowa a jirgin ƙasa. Kafin nan yashi ne ke toshe bakin, manyan jirage sai dai su tsaya a waje a riƙa kwaso mutane da kaya a ƙanana. Aikin ya buɗe tashar jirage, amma ya zo da nasa. Ruwan gaɓar nan yana tura yashi ne daga yamma zuwa gabas. Da aka gitta masa dutse, sai yashin ya riƙa taruwa ta yamma, ɓangaren tsohuwar hasumiyar fitilar jirage, gabas kuma ta rasa mai ciyar da ita. Abin da ya cinye Bar Beach ke nan a hankali, har ruwa ya riƙa hawa titin Ahmadu Bello a Victoria Island, har aka zo aka yi cikon Eko Atlantic da katangarsa. In kana tsaye a kan duwatsun kana ganin duka biyun da idonka: a bayanka fili na yashi iya ganinka, a gabanka tsallaken ruwa dogayen benaye a kan ƙasar da aka ƙwato.

Ta ɓangaren hagu ruwan a kwance yake, yara na wanka. Ta dama kuwa wani abu ne daban. Igiyar ruwa takan taso tun daga nesa, ta yi tsayi, ta zo ta daki dutsen, ka ji a tafin ƙafarka, feshin ya jiƙa maka fuska. Na zauna a nan har azahar ta yi. Babu famfo, babu buta. Sai na tuna hadisin da aka karantar da mu a makarantar dare, cewa teku ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Shekaru ina jin wannan karatun a matsayin abin da ya shafi wasu mutane can. Na sauka na yi alwala, gishirin ya cika mini baki, na shimfiɗa rawanina a kan yashi na yi salla.

Daga ranar abin ya zame mini jiki. Duk ranar da kasuwa ta yi sanyi sai in bar wa yara shago in kama hanya. Na koyi abubuwan da ba wanda ya taɓa gaya mini. Busasshen yashi yana cin ƙarfin mutum, ɗan kaɗan za ka yi cinyoyinka su ɗauki zafi, amma jiƙaƙƙen da ruwa ya janye ya bari yana da tauri, a kansa ake tafiya mai nisa. Don haka dole ka san lokacin ruwa. Sau biyu yake cika sau biyu yake janyewa tsakanin dare da rana, kuma kullum yana jinkirta lokacinsa da kusan minti hamsin. Wani dattijo Ba'egun mai saƙar koma ne ya fahimtar da ni cewa da wata abin yake tafiya: in wata ya tsaya, da kuma in ya kai sha huɗu sha biyar, cikar takan yi yawa, janyewar ma haka. Na ce masa Baba, ai wannan lissafin a hannunmu yake, da shi muke azumi. Tun daga nan kalandar Musulunci da ke rataye a shagona ta samu aiki na biyu.

Dattijon nan ne kuma ya ja mini kunne a kan shiga ruwan. Ya nuna mini wani wuri da igiya ba ta fashewa, ruwan ya yi duhu ya kwanta luf, ya ce nan ne mafi haɗari, don ta nan ruwan da ya hau gaɓa yake komawa da gudu, in ya ja ƙafar mutum sai dai a jira shi bayan kwana biyu. Har yau iyakata idon sawu. A wajen bututun mai kuma akwai jami'an tsaro, na saba in yi sallama tun daga nesa, in faɗi abin da ya kawo ni, in aka ce kar a wuce nan sai in juya.

Sannu a hankali na faɗaɗa. Na je wurin yaron nan a Ilashe, muka sha shayin Buzaye a gindin kwakwa. Na bi hanyar Badagry, na tsallaka zuwa Gberefu, inda aka riƙa bi da bayi zuwa bakin jirgi. Masu yawon buɗe ido sukan tsaya a wurin alamar da aka gina don tunawa da bayin, su ɗauki hoto su juya. In ka ƙara gaba kaɗan ta yamma, sai kurmin kwakwa da bukkokin masunta, mutum ashirin ko fiye sun jeru suna jan koma ɗaya da waƙa, tun hantsi har rana ta take. Na taɓa kama musu igiyar, suka ba ni kifi a leda, suna ta dariyar aboki ya zama masunci. Ba zan ɓoye ba, gaɓar akwai ƙazanta. Robobin ruwa, silifa ware ɗaya, ledar taliya, duk abin da muka zuba a kwata a Agege da Mushin a can yake ƙarewa. Wani wurin sai ka yi ta tsallake shara kafin ka samu yashi mai tsabta.

A gida kuwa sai da aka kai ruwa rana. Mutum ya fita tun asuba ranar da ba kasuwa, ya dawo da yamma fuska a sake, ya ce wai bakin teku ya je shi kaɗai, wace mace ce za ta yarda? Uwargida ta yi shiru na ɗan lokaci, ran nan ina cire takalmi ta ce, "Alhaji, in aure za ka ƙara ka faɗa mini da bakinka, kar in ji a gari." Na rantse, ba ta gamsu ba, har ta kai ƙara wurin Yaya. Abin da ya raba gardamar shi ne na ɗauke ta da ƙaramar 'yarmu muka je tare. Ta ga jirgin ruwan ta ce ba da ita ba, sai da aka lallashe ta. Da muka isa ta zauna a inuwa tana kallon ruwan, can ta ce, "To wallahi gara kishiyar, ita aƙalla an san gidansu." A kasuwa ma an sa mini suna Sarkin Ruwa, wasu na cewa asiri nake nema.

Duk wannan yawon a shimfiɗe yake. Daga Seme har Lekki gaɓar Legas yashi ce da fadama, ba tudun da ya fi rufin shago. Ɗana yakan nuna mini hotunan wasu ƙasashe a waya, inda dutse yake tsaye a kan teku, mutane na tafiya a samansa, ni kuwa in ce wannan sai Turawa. Ban taɓa kawo wa raina zan gani ba.

Ziyara ce ta kai ni. Mahaifina ɗan Tijjaniyya ne, ya rayu yana burin zuwa Kaulaha ta ƙasar Sanagal wurin Shehu Ibrahim Inyass, wanda alaƙarsa da Kano ta faro tun haɗuwarsa da Sarki Abdullahi Bayero a aikin hajjin 1937. Shehu ya rasu a 1975, Baba bai samu zuwa ba, kuma bai samu ziyartar kabarinsa ba. A Maulidin 2023, wanda ya faɗo a ƙarshen Satumba, Allah ya hore mini na bi ayarin zawiyarmu. Da fasfon ECOWAS ba a neman biza. Abin da na gani a Madina Baye, unguwar Shehu a Kaulaha, na cikar jama'a da zikiri dare da rana labari ne na daban, kuma in ka rufe ido a wasu lungunan sai ka rantse a Kano kake saboda Hausar da ke tashi.

Bayan an watse muna da sauran kwanaki kafin jirginmu. Ayari ya tafi Dakar, aka shiga jirgin ruwa zuwa tsibirin Gore don ganin gidan bayi. Wuri ne mai taɓa zuciya, amma cunkoson ya hana ni tsayawa in yi tunani, ana turo ka daga baya, mai jagora na magana da Faransanci, masu sayar da tsaraba na biye da kai. A hanyar dawowa muka bi ta Wakam, na ga tuddai biyu da suke kira Mamel, ɗaya da hasumiyar fitilar jirage tun ta 1864, ɗaya da ƙaton mutum-mutumin da aka buɗe a 2010, ga baƙin dutse ya gangara cikin teku, ga wani masallaci can ƙasa a bakin ruwa. Na ce wa direba ya tsaya, 'yan ayari suka ce ana jiran mu. Daren nan ban yi barcin kirki ba.

Akwai wani ɗalibi Bazazzagi da ke karatu a Madina Baye, shi ke yi mana tafinta, yana jin Wolof da Faransanci. Na gaya masa abin da ke raina. Ya ce, "Baba, in dutse a kan teku kake so ba tare da hayaniya ba, akwai Popengin, kusa ma da filin jirgin da za ku tashi." Filin jirgin Blaise Diagne, wanda aka buɗe a ƙarshen 2017, ba a cikin Dakar yake ba, yana Jas, kuma daga can zuwa Popengin tafiya ce 'yar kaɗan. Washegari sauran suka nufi kasuwar Sandaga sayen tsaraba, mu biyu muka shiga mota.

Popengin ƙaramin gari ne na Serer, Musulmi da Kirista a cakuɗe. Akwai babbar majami'a da Katolika ke yi wa tattaki duk shekara tun 1888, akwai kuma gidan hutun shugaban ƙasa. Yawancin Turawa masu zuwa shan iska gaba suke wucewa zuwa otal-otal ɗin Sali, shi ya sa nan ɗin yake shiru. A kudancin garin akwai gandun da aka keɓe a 1986, kimanin hekta 1,000. An ce mini kafin nan wurin ya zama fako saboda saran itace da kiwo da fari, matan garin ne suka haɗa ƙungiya suka yi ta dashe da reno har daji ya dawo. Mun biya 'yan sefa kaɗan, aka haɗa mu da wani saurayi mai jagora.

Ƙarshen damina ne, ciyawa ta kai gwiwa. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne itatuwan duk na gida ne: kuka, aduwa, farar ƙaya, magarya. Ƙasar ma marmara ce ja. Mutumin da ya taso daga Legas, inda kwakwa da fadama suka kewaye shi, sai ga shi a dajin da ya yi kama da na ƙauyen kakanninsa, amma yana jin ƙugin teku a gefe. Hanyar siririya ce, tana hawa a hankali, sannan ta miƙe tsaye. Nan na san tafiyar yashi daban, hawan tudu daban. Numfashina ya riƙa fita da ƙyar, zuciya na bugawa har a kunne. Na tuna likita, na zauna a kan dutse na huta, na sha ruwa, na tashi. Ɗalibin ya karɓi jakata, yana ta "Sannu Baba, saura kaɗan," irin saura kaɗan ɗin da ba ya ƙarewa.

Ba a ganin tekun sai an kai. Kana cikin ƙaya da ciyawa, ka yi taku biyu, sai ƙasa ta yanke. Kap de Naz ke nan, tsayinsa mita 74, wato ya kai gini mai hawa ashirin. Iskar da ta doke ni ta kusa tafiya da hulata, na cire ta na cusa a aljihu, na tattare kaftanina na ɗaure a ƙugu. Gwiwoyina suka ɗauki rawa. Ni da nake hawa saman tirela a tsaye, na kasa ƙarasawa bakin. Mai jagoran ma ya hana, ya ce ƙasan gefen a rarake yake, ruwan sama ya jiƙa yumɓun, yakan ɓalle ba sanarwa. Sai na kwanta rub da ciki, na ja jiki kaɗan, na leƙa.

Duk zaman da na yi da teku a Legas, daga gefe nake ganin sa, igiya ɗaya ta zo ta fashe, wata ta biyo. Daga sama sai na ga yadda suke tahowa sahu-sahu tun daga nesa, kowacce da tazararta, suna lanƙwasa in sun zo kusa da dutse. Na ga inda ruwan yake kore, da inda yake shuɗi, da duhun duwatsun da ke ƙarƙashinsa. Kwale-kwalen masunta masu fenti kala-kala sun zama 'yan ƙanana. Shirwa tana shawagi a ƙasa da ni, ina kallon bayanta, abin da ban taɓa gani ba tunda aka haife ni. Jikin dutsen kuwa hawa-hawa ne, ja da rawaya da fari-fari, launin badalar Kano in rana ta yi yamma.

Mun bi saman gaɓar muka nufi kudu, wajen ƙauyen Gereyo. Hanyar takan matso bakin har ka ji cikinka ya ɗaure, sannan ta koma cikin daji. Muka wuce wani tsohon ginin kankare na soja da Faransawa suka bari tun yaƙin duniya na biyu, an yi masa 'yar taga mai kallon teku. Mai jagoran ya ce in sanyi ya shiga Turai tsuntsaye kan zo nan su yi watanni, masu zuwa kallon su ma da na'urar hangen nesa su ne yawancin baƙinsa. Tun da muka hau har muka sauka, mutum biyu kawai muka gamu da su, wata mata da ɗanta. Wayata tana aljihu, babu mai kira ya tambaye ni nawa buhu ya kwana. A wani wuri mai faɗi na ce su ba ni minti kaɗan. Na fuskanci gabas, teku a bayana, na yi wa Baba addu'a. Ban yi ta da kyau a Madina ba saboda turereniya, a nan na samu na yi ta a tsanake, har hawaye suka zo, ɗalibin ya kau da kai.

Da muka gangaro, saurayin ya ce za mu iya komawa ta ƙasa, ta bakin ruwa a gindin dutsen. Ɗalibin ya ce mu fara cin abinci mu huta tukuna. Na dubi yashin, na ga layin da ruwa ya bari da safe ya kai har jikin dutse, na lissafa kwanan wata, Maulidi ya wuce da kwana uku, wata ya cika. Na ce a'a, in za mu bi ta nan yanzu ne, in ruwan nan ya juyo babu wurin gudu. Ɗalibin ya fassara, mai jagoran ya dube ni ya tambaya ko ni masunci ne a ƙasarmu. Na ce a gaya masa albasa nake sayarwa. Muka bi ta ƙasan, muna tsallake manyan ɓaraguzan da suka faɗo daga sama, wasu sabbi ne, jar ƙasarsu ba ta ko bushe ba. Ta nan ne mutum ke gane abin da saurayin ke nufi da rarake. A garin muka ci shinkafa da kifi irin tasu, aka yi mana shayi zagaye uku.

Na dawo Legas da ciwon cinya na kwana da kwanaki. 'Yan ayari sun dawo da turare da carbi da yadi, ni kuwa uwargida ta buɗe jaka ta tarar da takalmi ya yage da hotuna cike da waya. Na saya mata atamfa a Balogun na rufe bakin.

Maganin hawan jini har yanzu ina sha, ban daina ba, kuma duk wanda ya ce maka tafiya kaɗai za ta raba ka da shi kar ka saurare shi. Amma awon ya daidaita, sugan ya koma inda ya fito, na rage tumbi, barci kuma yana zuwa ba sai na yi ta juyi ba. Gaɓar Legas ɗin ma tana canzawa a gaban idonmu. Tun da aka fara aikin babbar hanyar bakin teku zuwa Kalaba a 2024, wasu wuraren ɓangaren Victoria Island da Lekki sun zama filin aiki, don haka yanzu yamma na fi bi, tsakanin Ilashe da Badagry.

Cikin masu kira na Sarkin Ruwa, mutum biyu sun fara bi na, dukansu bayan likita ya gaya musu irin abin da ya gaya mini. Sharaɗina ɗaya ne, a kashe waya in an sauka daga jirgin ruwa. Ɗaya ya kiyaye. Ɗayan kuwa, dillalin tumatir, yakan laɓe bayan kwakwa ya kira Kano ya ji motarsa ta taso ko ba ta taso ba. Mun fara zuba adashe mu uku don Maulidi mai zuwa, kuma na riga na gaya musu cewa duk wanda zai bi ni Popengin sai ya fara hawa benen masallacinmu sau goma kullum, don ba zan goya kowa ba.